Alhaji ke biyan fatura, Hajiya ta san inda wutar ke tafiya

Shekara biyu kenan ina bin yayana aiki a nan Jidda, shi gyaran mukayyif yake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ni da farko ƴar rakiya ce kawai mai riƙe jaka. Tun da aka ƙara kuɗin wuta a Janairun 2018, halala 18 (halala ɗari ce riyal ɗaya) duk kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, in ka haura kuma ya koma 30, ga harajin kashi 15 da ya hau kai a 2020, mutanenmu sukan kira shi ko ba abin da ya lalace, fatura ce kawai, wato takardar kuɗin wuta, ta ishe su.

To matsalar in yaya ya je gida a majalisi ake ajiye shi, matan duk sun shige ciki an ja ƙofa. Ka tambayi Alhaji awa nawa mukayyif ɗin ɗakin yara ke yi a kunne sai ya ce maka ai da daddare ne kawai, bawan Allah da ya fita tun asuba sai bayan isha'i zai dawo, ta ina zai sani?

Ranar da na gane abin a wani gida ne a unguwar Karantina, yaya ya ce ke shiga ki duba mana. Hajiya ta ce "shigo ƴata", ko zama ban yi ba ta fara zayyano min komai. Mukayyif yana kan digiri 16 dare da rana yara kuma suna ƙudundune cikin bargo, na ciro filta wallahi ƙura ta yi masa kauri kamar tabarma, iska ba ta wucewa dole injin ya yi ta wahala yana jan wuta. Firij manne da murhun gas, robar ƙofarsa ta saki. Sannan sakhana, wato hitar ruwan zafi, a kunne cikin Agusta, lokacin da ruwan tanki ma ƙona hannu yake! Ba mu sayar musu da komai ba sai roba, na nuna mata wankin filta, muka maida mukayyif 24.

Abin da ke ban haushi har yanzu in na ce aikin wuta nake sai a ce wai aikin maza ne, alhali rabin gidan ma namiji bai isa ya leƙa ba. Makwabtan Hajiya uku suka kira a satin, kowacce sai ta ce a turo mata yarinyar nan, yaya kuma ya jira a mota.