Abin da Lissafin Ruwan Sama da Buhunan Dawa Ya Koya Mini a Gadarif

Aikina a yankin Gadarif shi ne tattara bayanan gonakin dawa da riɗi da suka dogara da damina, kuma da yawa daga manoman da nake hulɗa da su Hausawa ne waɗanda kakanninsu suka zauna a Sudan a kan hanyarsu ta aikin hajji. Alƙaluman da nake rubutawa biyu-biyu suke tafiya: yawan ruwan da ya sauka a gona da milimita, da kuma buhunan da fadan guda (ma'aunin faɗin gona a Sudan) ya bayar a wannan gonar, a wannan shekarar. Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas a karkara, kalkuleta mai zane ƙirar TI-84 Plus, wadda ƙananan batura huɗu ke riƙewa, ta fi mini kwamfuta amfani.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne cewa na'urar ba ta san gona ba, layi kawai ta sani. Ana zuba ruwan sama a jerin L1, buhuna a jerin L2, kuma duk lambobin da suka haɗu a layi ɗaya tana ɗaukarsu na gona ɗaya ne. Idan jeri ɗaya ya fi ɗayan tsawo, takan ƙi aiki ta rubuta DIM MISMATCH, wannan kuwa rahama ce, domin an sanar da mutum. Haɗarin yana inda ba ta cewa komai: wanda ya tsara L1 shi kaɗai daga ƙarami zuwa babba ya aura wa ruwan gonar wani buhunan gonar wani, kuma amsa za ta fito sumul. Umarnin SortA(L1,L2) ne ke tafiyar da jerin biyu tare.

Sai batun r, ma'aunin dangantaka da ke tsakanin -1 da 1, wanda ba ya bayyana a LinReg(ax+b), umarnin da ke fitar da miƙaƙƙen layin da ya fi dacewa da alƙaluman, sai an kunna saitin DiagnosticOn. A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya tsara rukunin alƙaluma huɗu, kowane da ɗigo 11, waɗanda r ɗinsu ya zo kusan 0.816 kuma layinsu ya zo ɗaya, alhali zanensu ya sha bamban ƙwarai. Na ga dalilin gargaɗinsa na a kalli zane kafin a amince da lamba a baƙar ƙasar Gadarif mai laka, inda amfani ke ƙaruwa da ruwa har zuwa wani matsayi, sannan ruwan ya kwanta a gona ya kassara shuka. Dangantakar lanƙwasasshiya ce, miƙaƙƙen layi ba zai kama ta ba. Saboda haka nakan danna ZOOM da 9 in kalli yadda ɗigogin suka warwatsu kafin in nemi wata lamba.

A irin wannan kallo ne na ga ɗigo ɗaya can ƙasa shi kaɗai, ruwa daidai amma buhuna kaɗan. Na koma wurin mai gonar na ce, "Baba, me ya sami dawarku bana?" Ya kai ni gefen gona ya nuna mini busasshen ƙuduji a gindin kara, ya ce shi ya shanye ta tun kafin ta fid da kai. Ban goge ɗigon ba. Na rubuta dalilin a littafina, na yi lissafin sau biyu, da shi da kuma ba shi, na sa sakamakon biyun a rahoto.