Saƙon Godiya Bayan Baje Kolin Zanen Bangon Mujalla a Jos

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da war haka.

Mu masu zane da ma'aikatan maɗaba'a da muka haɗa hannu muka shirya baje kolin zanen bangon mujalla a nan Jos muna gode wa Allah da ya sa aka taru lafiya aka watse lafiya. Bayan haka godiyarmu ta farko ga iyayenmu dattawan sana'a ce, waɗanda suke riƙe da buroshi tun lokacin da ake zana bangon littafi da allon shago da hannu. Sanyin safiyar Jos bai hana su fitowa ba, kuma sun zauna da yaranmu har bayan la'asar suna gyara musu riƙon fensir. Iyayenmu, Allah ya ƙara girma, ya ja da kwana.

Muna godiya ga bawan Allahn da ya ba mu zaure bai karɓi ko sisi ba, da kafintocin da suka haɗa firam, da iyayenmu mata da suka ɗauki nauyin abinci da shayi, da malamai da ɗaliban zane da suka zo daga makarantun garin nan, Musulmi da Kirista. Godiya ta musamman ga maigidan maɗaba'ar da ya tsayar da injinsa a ranar aiki don yara su ga yadda launi huɗu ke hawa takarda ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya san kuɗin man janareta a yau ya san abin da ya sadaukar.

Da yawa sun roƙi a rubuta bayanin da aka yi kan Norman Rockwell, mai zanen nan na Amurka da aka jera kwafin ayyukansa a bangon gabas, don haka ga shi.

An haife shi a 1894, ya rasu a 1978. Tun bai kai shekara ashirin ba aka ba shi kula da zane-zanen wata mujallar yara maza mai suna Boys' Life. A watan Mayu na 1916, yana da shekara 22, zanensa ya fara fitowa a bangon Saturday Evening Post, kuma daga nan har zuwa 1963 ya zana wa wannan mujalla bango sama da 320. A shekarun farko launi biyu kawai ake buga bangon da shi, baƙi da ja, sai a 1926 aka koma cikakken launi. Wannan ya kamata matasanmu su riƙe: mutumin ya yi shekara goma yana jan hankalin mai saye da launi biyu. A 1943 ya fitar da zane huɗu kan 'yancin magana, 'yancin addini, kuɓuta daga talauci da kuɓuta daga tsoro, aka zagaya da su ƙasar ana tara kuɗin yaƙi. A cikin shekarar kuma gobara ta cinye ɗakin aikinsa a jihar Vermont, da tufafin dā da yake sa wa mutanen da ke tsaya masa ya zana su, da zane-zane masu yawa. Ya sake gini ya ci gaba, a 1953 ya koma garin Stockbridge, inda gidan adana ayyukansa yake har yau.

Zanen da ya fi tsayar da jama'a a zauren shi ne na watan Janairu 1964, bayan ya koma mujallar Look. Yarinya baƙar fata 'yar shekara shida, Ruby Bridges, sanye da farar riga, riƙe da littafi da rula, jami'an tsaro huɗu na raka ta makarantar da Turawa ba sa son ta shiga. Ya yanke kawunan jami'an daga hoton gaba ɗaya, sai daga kafaɗu zuwa ƙafafu, ga tumatur da aka jefa ya fashe a jikin bango. Ido ba shi da inda zai sauka sai kan yarinyar. A tsakiyar mujallar aka buga shi, ba a bango ba, amma darasin na mai zanen bango ne: ka san abu guda da kake so a gani, ka cire duk abin da zai yi masa kishiya.

Yadda yake aiki ne ya fi amfanarmu. Da ɗan ƙaramin zanen fensir yake farawa, wanda bai wuce tafin hannu ba, ya kai wa edita. Sai an amince da labarin da ke cikin hoton zai nemi mutanen da za su tsaya masa, yawanci maƙwabtansa, kuma shi da kansa yake nuna musu yadda za su ɗaga gira ko su buɗe baki. Daga wajajen tsakiyar shekarun 1930 ya koma sa mai hoto ya ɗauke su, ya haska hotunan da majigi a kan takarda, ya bi da gawayi yana sauyawa: ya ƙara tsawon wuya, ya ɗauko hannu daga wannan hoto, fuska daga wancan. Zanen gawayin nan daidai girman aikin ƙarshe yake yin sa, kuma a nan yake warware matsalar haske da inuwa. Daga nan a ɗauki hoton gawayin a rage shi, ya gwada launuka a kai, sannan ya kwafa a kanfas ya shiga fentin mai. An yi gardama a zauren ko amfani da hoto ha'inci ne. Mu dai a ganinmu ba ha'inci ba ne, muddin hannunka ya iya gyara abin da kyamara ta karkatar. Wanda bai iya zana hannun mutum da ka ba, majigi ba zai rufa masa asiri ba.

Sai ayyukan da mahalarta suka kawo aka buga gwaji. Muna yaba ƙoƙarinku ƙwarai, amma godiya ba za ta hana mu faɗin inda aka samu matsala ba.

Mafi yawa sun cika takarda har sama, suka manta sunan mujalla. Ku bar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sama babu wani abu mai muhimmanci, domin a teburin mai jarida a kasuwar Terminus ta nan Jos mujallu kan hau kan juna, abin da ya leƙo shi ake gani. Wasu kuma zanensu ya tsaya cif a bakin takarda. Injin yanka ba ya sauka wuri ɗaya kullum, shi ya sa ake barin zanen ya zarce inda za a yanka da milimita 3 a kowane gefe, rubutu kuma a janye shi ciki da aƙalla milimita 5. In ba haka ba, ko farin layi ya fito a gefe, ko wuƙa ta cinye harafi.

Waɗanda hotonsu ya fito dishi-dishi, ba laifin inji ba ne. Bango mai girman A4, wato milimita 210 da 297, yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, kusan ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. In ka ɗauka da waya ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar za ta matse shi. A sa a sikana, ko a tura shi a matsayin fayil.

Launi ne ya fi ba mutane haushi. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, inji kuwa da tawada huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, ɗorawa da baƙi. Koren nan mai walƙiya da kuke gani a allo ba zai taɓa fitowa haka a takarda ba, gara ka juya aikin zuwa tsarin launi huɗu tun kafin ka gama, ka ga gaskiyarsa. Fatar mutanenmu kuma tana son kulawa: in shuɗi da baƙi suka yi yawa, fuska sai ta yi toka-toka ko ta ja kore, kumatu da goshi su ɓace. A bar ja da ɗorawa su rinjayi shuɗi, a bar haske a goshi da karan hanci. Jimillar tawada huɗun, in aka haɗa kason kowace, a wuri mafi duhu kada ta haura kashi 300, in ta haura ba ta bushewa da wuri, sai ta shafi bayan takardar da ke kanta. Ƙananan rubutu a yi su da baƙi zalla, don in aka haɗa su da launi huɗu, farantin da ke buga launi ɗaya ya ɗan goce, sai harafi ya yi inuwa.

Ga 'yan'uwanmu na maɗaba'a ba sai mun faɗa ba, amma saboda masu koyo: takardar bango mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita sai an yi mata layin naɗi kafin a ninke ta, musamman a hunturun nan da iska ta bushe, in ba haka ba tawada za ta tsage a gadon baya. Kuma kada a liƙa wa bango ledar kariya sai tawada ta bushe sarai, domin ita ce ke kumbura daga baya.

Masu aikin gawayi da ba su fesa maganin da ke kama gawayi ya hana shi gogewa ba, ku fesa kafin ku ɗauka, daga nisan kamar santimita 30, shafe biyu marasa nauyi. Masu fentin mai kuma kada ku yi gaggawar shafa banish, wato man ƙyallin da ke kare fenti. Ko ya bushe a taɓawa, cikinsa na buƙatar kamar wata shida. Ayyukanku suna nan a zauren a jingine, fuska na kallon bango saboda ƙura. Wanda zai zo ɗauka ya taho da kwali biyu da igiya, kuma don Allah kada a naɗe kanfas ɗin da bai bushe ba a hau babur da shi.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mayar da baƙinmu na Bauchi, Kaduna da Abuja gidajensu lafiya.