Maki 28 da raka'ar da ta ɓace

A shekarar ƙarshe ta karatuna aka ba ni aikin auna mantuwa ga matan da suka gama jinyar sankarar mama. Na ɗauka shan ruwa ne. Ga takardar MoCA, gwajin da aka ƙirƙiro a Kanada: minti goma, maki 30, wadda ta samu 26 zuwa sama a ce lafiya lau.

Sai ga wata Hajiya, tsohuwar malamar firamare, wata takwas da gama kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Ta zana agogo, ta saita shi sha ɗaya da minti goma, ta yi ta cire bakwai daga ɗari ba gargada. Ta tashi da 28.

Na ce, "Hajiya, ai ƙwaƙwalwarki garau take."

Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, to me ya sa nake tsayawa a tsakiyar la'asar, ban san ko raka'a ta biyu nake ko ta uku ba? Jiya sau biyu na zuba wa miya gishiri."

Kunya ta kama ni. Ita takardar don gano farkon rikicewar tsufa aka yi ta, kuma a ɗaki shiru na gwada Hajiya, abu ɗaya bayan ɗaya, ba kukan jika, ba tukunya a wuta. Ba wanda ya auna ta kafin kemo, balle a san daga ina ta gangaro. Daga baya na koma ga FACT-Cog, tambayoyi 37 kan abin da mace ta fuskanta cikin kwana bakwai da suka wuce. Masu bincike sun daɗe da lura cewa koken mace da makin gwaji ba su cika jituwa ba, koken ya fi bin gajiya, rashin barci da damuwa. Wannan bai sa gishirin miyar ya zama ƙarya ba.

Wata mata kuma ko maki 20 ba ta kai ba a MoCA, don ba ta yi boko ba, ta kasa jan layi ta haɗa 1 da A, 2 da B kamar yadda takardar ta nema. Amma ita ce uwar adashen unguwarsu, zubin kowa yana kanta! Maki ɗaya tak takardar ke ƙara wa mai ƙarancin karatu.

Yanzu kafin in zaro takarda sai na tambaya: "Wane abu kike yi da, wanda yanzu yake ba ki wahala?" Amsar nake fara rubutawa, da bakinta, a saman fayil.