Ranar da na koyi yin shiru

Wallahi lokacin da na fara aikin kansilin, wato zama da masu damuwa don a taimaka musu ta hanyar hira, na ɗauka nasiha ce kawai, mutum ya zo da damuwarsa ka ce yi kaza bar kaza, a yi haƙuri, shikenan. Dama an san ni da iya magana, sai na shiga da ƙarfina.

Mace ta farko da na zauna da ita ta haife ni a shekaru, ta zo kan ɗanta da ya faɗa shaye-shaye. Ko ƙarshen zancen ban bari ta kai ba na hau jero mata mafita, Mama ku kai shi asibiti, ku raba shi da abokan nan, ku daina ba shi kuɗi, ita kuma tana ta gyaɗa kai tana murza bakin mayafinta, daga ƙarshe ta ce "to ɗiyata na gode". Ba ta sake dawowa ba, har yau abin yana ci min rai.

Malamar da ke duba aikinmu tambaya ɗaya ta yi min, "me matar ta ce ta fi tsoro?" Na rasa amsa don ban tambaye ta ba. Malamar ce ta haɗa ni da bayanin Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, wanda a 1957 ya kawo sharuɗɗa 6 da ke sa zaman ya yi amfani, 3 daga ciki suna wuyanka ne kai mai sauraro. Ka ji abin kamar kai ne a ciki amma kar ka nutse, kar ka yi fuska biyu, sannan ka karɓi mutum yadda ya zo ba da sharaɗi ba. Na ƙarshen nan ya fi ba ni wuya gaskiya, don karɓar mutum ba yana nufin ka yarda da abin da ya aikata ba ne, sai dai ba alƙali ya zo nema wajenka ba.

Bayan wata biyu wani matashi ya zo. Tun kafin ya fara na ce masa duk abin da zai faɗa sirri ne, sai fa in ransa ko na wani yana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, wannan dole in nemi taimako kuma shi zan fara sanar wa. Na tambaye shi yaya kwanakin nan suke a wajensa, ya sunkuyar da kai yana jujjuya waya a hannu, shiru ya yi tsawo bakina har ƙaiƙayi yake amma na danne. Can ya ce ya gaji da rayuwa. Gabana ya faɗi, amma na tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, don an koya mana tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ya ce eh.

Ban bar shi ya fita shi kaɗai ba. Da saninsa na kira malamarmu, shi da kansa ya zaɓi yayansa muka kira, a ranar aka haɗa shi da likita. Daga baya kuma muka tura shi wajen masu taimakon neman aiki, don rashin aikin yana cikin abin da ke cin sa kuma hira kaɗai ba za ta warware wannan ba. Sati na zagayowa ya dawo, ya ma riga ni isowa.