Asabar, 14 ga Fabrairu, 2026: Katuna 23 da tambaya guda

Yau ban samu na koma barci bayan sallar asuba ba, domin tun gari bai gama wayewa ba 'yar farina, wadda ta cika shekara 7 a watan jiya, ta shigo ɗakinmu rungume da kwalin takalmin da ta lulluɓe da jar takarda, ta juye shi a tsakiyar gado. Katuna 23 ne suka zubo, ɗaya daga kowane ɗan ajinsu, haɗe da ƙananan alawoyi masu siffar zuciya da aka buga wa rubutu a jiki. Jiya Juma'a aka yi musu rabon a makaranta, tunda ranar Valentine ta faɗo a Asabar bana, amma ta ƙi buɗe kwalin har sai da ta tabbatar kowa yana gida.

Makonni biyu ke nan muna ja-in-ja da Babansu a kan wannan rana. Shi abin da ya sani game da ita shi ne abin da muka baro a gida, wato samari da 'yan mata da jajayen kaya da wa'azin malamai a kowace shekara, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai a makarantun firamare na nan Amurka al'amarin ya sha bamban. Takardar da malamarsu ta aiko ta ce duk yaron da zai kawo kati to ya kawo wa kowa a ajin, kada a ware wani, sannan kada a kawo abin da aka haɗa da gyaɗa saboda akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar ta. Wannan sharaɗi na biyu shi ya rusa mini shirin soya musu gyaɗa mai siga. A ƙarshe mun tsaya a kan cewa ba mu ɗauke ta a matsayin idi ba, ba za mu yi ɗinki ko fita ba, amma kuma ba za mu bar yarinya ta zama ita kaɗai ce ta karɓa ba ta bayar ba.

Da hantsi na kwaɓa cincin. Ita ce ta nace a yanka shi da siffar zuciya, na ba ta wuƙar roba, ni kuma ina murza ƙullin da kwalba. Da suka shiga mai sai suka kumbura, tsagar da ke samansu ta toshe, suka fito kamar ƙodar akuya, muka yi ta dariya har na kusa ƙona kasko na biyu. Na dafa zoɓo da citta da kanumfari, domin idan ana neman jan abu a kan tebur, ba na jin akwai abin da ya fi shi. A kantunan unguwarmu ta Bronx ba a rasa shi, saboda mutanen Jamaika da na Meziko ma suna shan sa, kowa da sunan da yake kiran sa. Muna cikin wannan ne Auta, mai shekara 3, ya samu almakashin da muka manta a ƙasa, ya yi shiru a bayan kujera, irin shirun da kowace uwa ta san ba na alheri ba ne. Ko da na leƙa, ya riga ya yanke bakin jan gyalena, wai shi ma zuciya yake yi.

Muna cin cincin ɗin ta tambaye ni wane ne Valentine. Na gaya mata gwargwadon abin da na karanta, cewa wani limamin Kirista ne da aka kashe a birnin Rum wajajen shekara ta 270, zamanin sarki Kalaudiyus na biyu, kuma ana cewa Fafaroma Gelasiyus ne ya keɓe masa wannan rana a shekara ta 496. Labarinsa ya cakuɗe da tatsuniya ƙwarai, har ma cocin Katolika ya cire ranar daga kalandarsa ta gama-gari a 1969. Katunan da take riƙe da su kuwa sana'a ce ta baya-bayan nan, wadda wata mata mai suna Esther Howland ta bunƙasa a garin Worcester na jihar Massachusetts wajen ƙarshen shekarun 1840, tana haɗa su da leshin takarda tana sayarwa. Babansu ya ɗago kai daga wayarsa ya ce ai dama ya faɗa, ciniki ne kawai. Ita kuwa tarihin bai dame ta ba, domin hankalinta yana wani wuri.

Ta tashi ta ɗauko wani kati da ta ɓoye a cikin jakarta, ta miƙo mini da hannu biyu. Ta zana mace mai ɗankwali da yarinya a gefenta, ta rubuta da Hausarta mai tangal-tangal cewa tana so na. Na ce mata Allah Ya yi mata albarka, na ajiye katin a kan cinyata. Ba ta tafi ba. Ta tsaya tana kallo na, sannan ta ce, "Mama, me ya sa ba kya kiran sunana? Kina kiran na Auta, amma ni sai ki ce ke. Kuma ba ki taɓa cewa kina so na ba."

Na rasa ta inda zan fara. Ta yaya zan bayyana alkunyar ɗan fari ga yarinyar da aka haifa a asibitin New York, wadda take ganin iyayen ƙawayenta suna rungume su a ƙofar makaranta kowace safiya? Ni ma 'yar fari ce, kuma har yau ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. A wurinmu ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin ƙiyayya ba, domin na tashi a gida mai cike da gwaggwanni da kakanni, inda abin da uwa ta kawar da kai a kansa wasu goma za su yi maka shi a fili. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne, na ɗauko kawaicin na zo da shi ƙasar nan, amma ban zo da gwaggwannin ba. A wannan gida mai ɗaki biyu, idan ni ban faɗa mata ba, babu wanda zai faɗa a madadina.

Abin mamaki, Babansu ne ya cece ni, shi da ya fi kowa adawa da ranar. Ya tuna mana hadisin Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ya ce wannan ba ya buƙatar 14 ga Fabrairu. Na jawo ta jikina, na kira sunanta, sunan ya yi mini nauyi a harshe kamar na baƙo, na kuma faɗa mata abin da take son ji da murya ƙasa-ƙasa.

Bayan azahar muka kira Hajiya a Katsina, inda suke gabanmu da awa 6, ta idar da isha'i tana zaune a kan tabarma. Kafin in gama gaishe ta yarinyar ta karɓe wayar ta ce, "Hajiya, kina son Mama?" Tsohuwa ta yi salati, ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ta ce, "Ke kishiya, wa ya aiko ki? Tambayi uwar taki wanda ya daka mata kuka da daddawar da kuke miya da su." Daga nan ta juya zancen zuwa azumi da ya rage kwana huɗu ko biyar, tana tambaya ko na samu gero da tsamiyar kunu.

Yanzu ƙarfe 10 na dare ta wuce, yaran sun yi barci, Auta da jan zoɓo a gefen baki. Na manna katin a jikin firij, na naɗe gyalen na sa a cikin durowa ba tare da na yanke shawarar ko zan kai shi wurin tela ba. Gobe da safe zan fita neman gero.