Ahlawi Ne Kai Ko Zamalkawi?

Na sauka a Alƙahira a watan Oktoba na 2023 da jaka ɗaya, da takardar shiga jami'ar Azhar, da Larabcin da na shafe shekaru ina koyo a Kano. A rana ta biyu na tsayar da ƙaramar bas, na tambayi direba da Larabcin littafi ko zai bi ta Hayyul Ashir. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Sadaƙallahul azim." Motar ta kwashe da dariya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har na ɗauki makonni ba na buɗe baki a waje sai dole. In zan sayi burodi nuni nake yi da yatsa.

Mu biyar ne a gidan da muka kama haya, biyu daga Kano, ɗaya daga Gusau, ɗaya daga Maraɗi, ɗaya daga Kumasi. A cikin gida Hausa muke yi, mu dafa shinkafa da wake, mu yi musu a kan Arsenal da Chelsea kamar muna gidan kallo a unguwa. Abinci bai ba ni wahala ba. Ta'amiyya ƙosai ne da aka yi da wani waken, mulukiyya miyar lalo ce, karkade kuwa zoɓonmu ne. Sanyin Janairu ne ya kusa kayar da ni, sai kuma kuɗi: a watan Maris na 2024 aka saki fam ɗin Masar ya faɗi warwas, naira ma tana can tana tata faɗuwar, abin da Baba yake turo mini ya zama ba ya kai ƙarshen wata. Amma duk wannan da sauƙi a kan kaɗaicin da mutum yake ji idan yana tafiya cikin miliyoyin mutane babu wanda ya san sunansa, sai yaran da ke bin sa da "ya samara", wato mai baƙar fata.

Akwai wani dattijo mai guga a ƙasan benenmu. Shagonsa ɗan tsukuku ne, teburin guga ya cinye rabinsa, a bango kuma ya liƙa wani tsohon hoton 'yan ƙwallo cikin fararen riguna masu jan layi biyu a ƙirji. Ranar da na fara kai masa jallabiyata ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Nijeriya. Ya ce wane gari. Da na ce Kano sai ya ajiye dutsen gugar, ya dube ni, ya ce, "Kano Pillars?"

Ban taɓa zaton zan ji sunan nan a bakin Bamisire ba. Ashe bai manta da 2009 ba, shekarar da Pillars ta fitar da Al Ahly daga gasar zakarun Afirka alhali Ahly ce ke riƙe da kofin. An yi 1-1 a Nijeriya, aka zo Alƙahira aka yi 2-2, Pillars ta wuce da ƙwallayen waje. Ni ina ƙaramin yaro lokacin, abin da nake tunawa kawai shi ne hon ɗin 'yan acaɓa da "Sai Masu Gida" da ta cika gari. Shi kuwa ya ce a daren nan raba wa maƙwabta lemo ya yi. Ya ƙi karɓar kuɗin gugar. Ya ce, "Ya Sheikh, mutumin Kano Zamalkawi ne tun daga haihuwa," wato magoyin bayan Zamalek irinsa, babbar abokiyar hamayyar Ahly. Ya ƙara mini da labarin Emmanuel Amuneke, wanda ya buga wa Zamalek a farkon shekarun 1990 kafin ya tafi Turai.

Shi ne ya fara ja na zuwa gidan shayin kan kwana, wanda suke kira ahwa. Kusan teburin mai shayinmu ne, sai dai a nan akwai kujeru, da shisha, da ƙarar domino, da talabijin a saƙale. A wurin na gane cewa tambayar da ake yi wa baƙo bayan sunansa ita ce, "Ahlawi ne kai ko Zamalkawi?" Ahly an kafa ta a 1907, ja take sawa, tana da kofin zakarun Afirka 12. Zamalek an kafa ta a 1911, fari take sawa, tana da 5. Wani abu da ya daɗe yana ruɗa ni shi ne hedkwatar Ahly ce take kan tsibirin da unguwar Zamalek take, ita kuwa ƙungiyar Zamalek tana can Mit Uƙba a ɓangaren Giza. Larabcin titi da ya gagare ni a aji, a wannan ahwa na koye shi, don mai musun ƙwallo yana maimaita magana ɗaya sau goma, da ƙarfi, da hannu, har sai ta shiga kan wanda ba ya ji.

Sai maganar Zizo ta taso.

Ahmed Sayed, wanda kowa ke kira Zizo, ya zo Zamalek a Janairun 2019 daga Moreirense ta ƙasar Fotugal. Da shi suka ci gasar Masar sau biyu a jere, 2021 da 2022, suka ci kofin Confederation a 2019 da 2024, suka kuma doke Ahly da bugun fenareti a Super Cup na Afirka a Riyad cikin Satumbar 2024. Daren nan dattijon rungume ni ya yi har hulata ta faɗi. Kwantiragin Zizo zai ƙare a ƙarshen kakar 2025, wata na bin wata bai sabunta ba. Cikin azumi ma an sha rigima, domin ranar 11 ga Maris Ahly ta ƙi fitowa wasanta da Zamalek saboda ta nemi alƙalan wasa daga waje ba a kawo ba. Ana gama ƙaramar Sallah sai raɗe-raɗi ya cika gari cewa Zizo ya riga ya daidaita da Ahly.

Na zaci 'yan Ahly za su haɗa baki su yi murna. Sai na ga kansu ya rabu biyu, musun da suke yi da juna ya fi wanda suke yi da 'yan Zamalek zafi.

Akwai wani direban bas, matashi, da ke cewa ko wawa ya san a ɗauke shi. Kyauta zai zo, ba ko fam ɗaya da za a ba Zamalek. Ya iya yanko ƙwallo daga gefe, ya iya fenareti, ga shi za a tafi Amurka gasar ƙungiyoyin duniya. Babbar hujjarsa ita ce Emam Ashour, wanda ya bar Zamalek ya je Midtjylland ta Denmak a farkon 2023, bayan 'yan watanni ya dawo ya sa jar riga, ya zama ɗaya daga ginshiƙan Ahly. Achraf Bencharki ma, wani tsohon ɗan Zamalek, ga shi nan ya zo Ahly a Janairu. "Ka ƙara wa kanka ƙarfi, ka karya maƙiyinka, da jifa ɗaya," in ji shi.

Wani malamin makaranta mai ritaya, Ahlawi tun zamanin Saleh Selim, tsohon gwarzon ƙungiyar, ya ƙi yarda. Yana magana a hankali, yana juya cokali a kofin shayi. Ya ce yaron shekarunsa 29, albashin da za a ba shi zai sa 'yan wasan da suka daɗe suna wahala su fara duban aljihun juna. Ashour da Bencharki sai da suka fita waje tukuna, ƙura ta ɗan lafa, shi kuwa wannan daga ƙofar maƙwabci zai tsallako kai tsaye. Abin da ya fi damunsa dai shi ne hali. Ya ce wanda ya sumbaci farar riga jiya, gobe ya sumbaci ja, da wane baki zai gaya mana yana sonmu? Direban ya tuna masa cewa a shekarar 2000 Hossam Hassan da ɗan tagwayensa Ibrahim sun bar Ahly sun koma Zamalek, suka ci mata kofin Afirka a 2002, ga Hossam nan yau shi ke horar da tawagar ƙasa, ba wanda ya kore shi daga gari. Malamin ya ce ai shi har yau bai yafe wa Hossam ba.

Dattijona bai sa baki ba. Kullum yana zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa, shayinsa yana hucewa.

Wani dare cikin Mayu direban ya juyo kaina. Ya ce, "Ya Sheikh, kai da kake karatun fiƙihu, yanke mana hukunci. Mutum ya gama kwantiraginsa, ya nemi inda za a fi biyansa, ya ci amana?"

Na ce a shari'a bai ci ba. Sharaɗi ya cika, ma'aikaci yana da 'yancin kansa, kuma ƙafar ɗan ƙwallo ba ta wuce 'yan shekaru. Direban ya buga tebur don murna. Sai na ji bakina ya ci gaba da magana. Na ce amma in gaskiya ne abin da 'yan Zamalek ke faɗi, cewa ya bar su suna jira alhali ya riga ya yanke shawara, to akwai haƙƙin da ba a rubuta shi a kwantiragi. Nan take wuri ya kaure. Direban ya ce dama an san ni ɗan Zamalek ne, malamin ya ce na fi su gaskiya, mai ahwa ya yi mana tsawa mu rage murya. Ba wanda ya yi dariyar Larabcina, ba wanda ya ce me baƙo ya sani. Da sunana suke kirana suna yi mini ihu.

Amma na koma gida zuciyata ba daɗi, domin maganar da na yi a kaina na yi ta.

Kafin na taho ina koyarwa a Islamiyyar unguwarmu, wurin malamin da ya koya mini baƙi da wasali, ya biya mini kuɗin jarrabawa sau biyu daga aljihunsa, ya kuma damƙa mini ajin manya yana cewa ni zan gaje shi. Wata takwas na yi ina neman Azhar a ɓoye. Na yi fasfo, na kai takardu, na karɓi biza, kullum ina gaishe shi da safe ban ce masa uffan ba. Tsoro nake kada ya hana ni, ko ya roƙe ni in kasa ƙi. A bakin wani ya ji, saura kwana goma in tashi. Da na je sallama bai ɗago daga littafin da ke gabansa ba, ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Daga baya na ji abokan aikina suna cewa na ci moriyar ganga na ya da kwaurenta. Har yau ina ganin tafiyata daidai ce, ba zan iya kiran mai neman ci gabansa maci amana ba, ko Zizo ne ko waninsa. Ɓoyewar ce take cina. Fiye da shekara ɗaya da rabi ina Masar ban kira shi ba.

A farkon Yuni, cikin hidimar babbar Sallah, Ahly ta sanar da ɗaukar Zizo. A makon ne Zamalek ta ci kofin Masar a hannun Pyramids, amma murnar ba ta kai ko'ina ba. Na sauka shagon dattijon in yi masa barka da Sallah, na tarar yana guga kamar kullum. Na ce, "Ya Hajj, ka ji labari?" Ya ce ya ji. Ya fesa ruwa a kan rigar da ke gabansa, ya danna dutse. Ya ce, "Ni ba tafiyarsa ba ce. 'Ya'yana biyu suna Kuwait, ni na raka su filin jirgi. Da ya fito ya ce mana zan tafi, na gode, da mun zage shi kwana uku mun haƙura."

Wasan Ahly da Inter Miami a gasar ƙungiyoyin duniya ƙarfe uku na dare ya kama a agogon Alƙahira, amma ahwa ta cika maƙil, har da 'yan Zamalek da suka zo ganin Messi. Ba a jima da farawa ba Ashour ya ji rauni a kafaɗa ya fita, Zizo ya shigo a madadinsa cikin jar riga. Direban ya miƙe yana tafi. Malamin mai ritaya bai tafa ba, amma na ga ya gyara zama ya matso da kujerarsa. Trezeguet ya ɓarar da fenareti, kiran assalatu ya same mu ana tsakiyar wasa, aka tashi babu ci. Kujerar bakin ƙofa babu kowa a kanta.

Da hantsi na kira Kano. Sai da wayar ta kusa katsewa aka ɗauka. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ne." Ya yi shiru, sannan ya tambayi karatu, ya tambayi sanyi, na ce yanzu zafi ake yi. Na ce masa na kira ne in nemi gafara a kan yadda na tafi ban sanar da shi ba. Ya ce, "Na ji." Ya ce ajin manya yanzu ƙanena ne a karatu yake riƙe da shi, yana ƙoƙari. Sai ya ce akwai wani sharhin nahawu da ya daɗe yana nema a kasuwar Kurmi bai samu ba, in duba masa a shagunan littattafan bayan masallacin Azhar.

Na same shi a shago na huɗu, mujalladi biyu, bugun tsohuwar takarda. Dattijon mai guga ne ya naɗe mini su a cikin ledar da yake sa wankakkun kaya, ya ɗaure da zare, na kai wa wani ɗan kasuwa da zai tashi zuwa Kano ranar Alhamis.