Yadda na bi diddigin tsaga manyan shafuka a kanel ɗin Linux

Linux yana raba RAM ne shafi-shafi, kuma a injinan x86-64 kowane shafi kilobait 4 ne. Duk adireshin da manhaja ta nema sai furosesa ya duba jadawalin shafuka, inda kowane shafi ke da layinsa, ya gano ainihin inda abin yake, shi ya sa yake da wata 'yar ma'ajiya mai sauri da ake kira TLB, inda yake ajiye amsoshin da ya samu kwanan nan. Ma'ajiyar nan ba ta da yawa. Gigabait 1 da aka yanka kilobait huɗu-huɗu yana bukatar layuka 262,144, amma idan aka yi amfani da babban shafi mai megabait 2, layuka 512 sun wadatar. Wannan ribar ce ta sa Andrea Arcangeli ya kawo tsarin THP (Transparent Huge Pages) cikin Linux 2.6.38 a shekarar 2011, domin kanel, wato zuciyar Linux mai rabon RAM, ya riƙa ba manhajoji manyan shafuka da kansa, ba sai sun roƙa ba.

Abin da ya kai ni ga tona wannan batu wata sabar ce da nake kula da ita. Manhajar da ke kanta takan kwashi RAM da yawa lokacin cunkoso, ta saki bayan an lafa. Idan na duba lissafin manhajar sai in ga ya sauka sosai, amma lissafin rukuninta na cgroup, inda kanel yake ƙirga RAM ɗin da ya ɗora wa rukunin, yana nan sama bai motsa ba, haka ma abin da ya rage wa injin bai ƙaru ba. Babu yoyo a cikin manhajar, wato riƙe RAM a manta ba a saki ba, mun bincika. Kuma da zarar RAM ya fara ƙaranci sai lambobin su daidaita da kansu, amma a daidai lokacin ne masu amfani suke ƙorafin cewa abu ya yi nauyi.

Sai na bar sabar, na rubuta ɗan gajeren shiri da harshen C a kwamfutar gwaji. Na nemi megabait 2 da posix_memalign yadda farkonsa zai faɗa daidai kan iyakar megabait 2, na kira madvise da MADV_HUGEPAGE don in roƙi kanel babban shafi, na rubuta wani abu a kowane lungu. A cikin /proc/PID/smaps layin AnonHugePages ya nuna 2048 kB, wato na samu babban shafi guda. Daga nan na ce wa kanel ba na bukatar rabin farko, ta hanyar MADV_DONTNEED, irin yadda shirye-shiryen da ke raba wa manhaja RAM, kamar jemalloc, suke yi idan manhaja ta saki kaya.

Nan take AnonHugePages ya koma sifili, Rss, wato jimillar RAM da ake ƙirga wa shirin, ya ragu da 1024 kB. Ka ce magana ta ƙare. Amma da na leƙa /proc/vmstat, inda kanel yake ƙirga sau nawa ya yi kowane aiki, sai na ga thp_split_pmd ya ƙaru, thp_deferred_split_page ya ƙaru, shi kuwa thp_split_page yana nan inda yake.

A nan ne na fahimci cewa tsagawa iri biyu ce, kuma yawancin ruɗanin da nake ciki daga haɗa su wuri ɗaya ya fito. Ta farko a jadawali kawai take faruwa: layi ɗaya na matakin jadawalin da ake kira PMD, wanda ke nuna babban shafin, sai a maye gurbinsa da ƙananan layuka 512, a goge waɗanda aka saki. Wannan ba ta da tsada sosai kuma ba ta gazawa. Ta biyu ita ce ta gaske, inda ake wargaza shafin kansa ya koma ƙananan shafuka 512 masu cin gashin kansu, waɗanda za a iya mayar da wasunsu rumbu. Kamar gonar gado ce da aka raba a takarda a gaban alƙali, kowa ya san kasonsa, amma ba a je an kafa turaku ba, don haka babu wanda zai iya sayar da nasa. Rabin da shirina ya saki ya fita daga lissafinsa, amma yana manne da ɗaya rabin, kanel ba zai iya ba wa kowa shi ba.

Abin da kanel yake yi shi ne ya sa shafin a layin jira, sai RAM ya yi ƙaranci sannan ya dawo kansa. Da farko wannan jinkirin ya ba ni haushi, amma da na karanta mm/huge_memory.c na ga aikin da tsagawar gaske take ci, sai na ba masu tsarin gaskiya. Dole a kulle shafin, a bi duk wata manhaja da ke da shi a jadawalinta a cire layukanta, a sa alamar jira a gurbinsu, a sa sauran furosesa su zubar da abin da suka riƙe a TLB. Sannan a ƙirga masu riƙe da shafin a ga ko lissafin ya yi daidai da abin da ake tsammani, a daskarar da ƙirgar, a rarraba bayanan shafin kai, wato na farko, ga sauran shafuka 511 da ake kira na wutsiya ɗaya bayan ɗaya, a mayar da layukan. Duk zaren aikin manhaja (thread) da ya taɓa wurin ana cikin haka sai ya tsaya. Idan manhaja za ta saki sauran rabin bayan ɗan lokaci, duk wannan wahalar ta tashi a banza, gara a jira. Illar kawai ita ce bashin yana taruwa, kuma ana biyansa ne a lokacin da injin ya fi galabaita.

Don in tabbatar, na faɗaɗa gwajin zuwa shafuka masu yawa, na saki rabin kowanne. MemFree, wato RAM ɗin da ya rage wa injin, bai ɗaga ba. Sai na yi amfani da fayil ɗin /sys/kernel/debug/split_huge_pages, wanda yake karɓar lambar manhaja da farkon adireshi da ƙarshensa, ya tilasta tsagawa a wannan yankin. Ina bugawa thp_split_page ya yi tsalle, MemFree ya biyo shi. Gargaɗi ga mai son gwadawa: idan ka rubuta 1 kawai a fayil ɗin nan, duk manyan shafukan injin zai bi ya tsaga, don haka kada ka kusanci sabar da mutane ke aiki a kai da shi.

Gwaji na gaba shi ne ya fi koya mini abu. Na yi rajistar babban shafin a matsayin ma'ajiyar io_uring, hanyar da manhaja ke miƙa wa kanel ayyukan karatu da rubutu, abin da ke sa kanel ya danne shafin kada ya motsa, domin na'ura tana iya rubutu a cikinsa kai tsaye. Na sake ba da umarnin tsagawa. Shiru. AnonHugePages yana nan 2048 kB. Akwai mai riƙe da shafin wanda ba ya cikin jadawalin kowa, kanel kuma ba shi da hanyar sanin wane ƙaramin shafi ne daga cikin 512 ake riƙe da shi, don haka ya janye hannunsa. Ba haka abin yake ba tun asali. Kafin Linux 4.5 na shekarar 2016 tsagawa ba ta gazawa, amma ana biyan kuɗin hakan da lissafi mai sarƙaƙiya a kan kowane shafin wutsiya, kuma taɓa jadawalin manhaja ɗaya yana wargaza shafin ga kowa. Kirill Shutemov ne ya sake tsarin ƙirgar, ya raba tsagawar jadawali da tsagawar shafi, aka amince cewa ta biyun tana iya ƙi. Shi ya sa akwai thp_split_page_failed a cikin vmstat, kuma duk wanda yake rubuta wani abu a cikin kanel da ke kiran split_huge_page dole ya tanadi abin da zai yi idan aka ce masa a'a.

Da na koma kan sabar, ban bi shawarar da ake yawan bayarwa ta a kashe THP gaba ɗaya ba. Na san inda ta samo asali: Redis, rumbun bayanai mai ajiye kayansa a RAM, alal misali, ya daɗe yana gargaɗi a kai, saboda yana yin fork, wato ya haifi kwafin kansa, don adana bayanai, kuma a tsofaffin kanel rubuta bait ɗaya bayan fork yana jawo kwafe megabait 2 cur. Hujja ce mai ƙarfi ga Redis. Amma mutane sun ɗauke ta sun shafa wa kowace manhaja, suna zubar da riba ta gaske ba tare da sun auna ba. Ni na mayar da /sys/kernel/mm/transparent_hugepage/enabled daga always zuwa madvise, wato sai wurin da manhaja ta roƙa ake ba babban shafi. Manyan ma'ajiyoyin da manhajar ke riƙewa tun tashinta har rufewarta muka daidaita su kan iyakar megabait 2, muka nema musu manyan shafuka da gangan. Wuraren da ake ɗauka ana saki ƙanana-ƙanana muka bar su da shafukan kilobait 4. Inda dole a saki wani ɓangare na babbar ma'ajiya, muka sa a riƙa saki megabait biyu-biyu, shafi ya tafi ɗungurungum ba tare da an tsaga komai ba. Bayan haka thp_deferred_split_page ya kusan daina motsi, lissafin manhajar da na cgroup suka dawo suna tafiya tare.

Wannan fanni bai tsaya wuri ɗaya ba, shi ya sa nake fara duba sigar kanel da uname -r kafin in yarda da kowace shawara. Matthew Wilcox ya shigo da tsarin folio a 5.16, wanda ya sauƙaƙa mu'amala da shafuka masu girma daban-daban. A 6.8 aikin Ryan Roberts na kamfanin Arm ya ba da damar matsakaitan shafuka kamar kilobait 16 ko 64, waɗanda asararsu ba ta kai ta megabait 2 ba idan aka saki wani ɓangare. A 6.12 kuma kanel ya koyi gano manyan shafukan da yawancin cikinsu sifili ne, ya tsaga su lokacin ƙaranci ya karɓi abin da ba a amfani da shi. Shafukan kilobait 64 su ne nake shirin gwadawa a wuraren da muka bari da ƙanana, da zarar mun ɗaga kanel ɗin sabar.